Rantsuwar Salmin Mai Farar Ƙasa

Da sunan Allah, wanda ya san abin da ke cikin ƙasa da abin da ke cikin ruwa.

Salmin ɗan Nuh a tsibirinmu aka haife shi, shekarar da fari ya kashe awaki. In ban da sau biyu da ya je Hadibo, birnin babban tsibiri, ɗaya don ƙafarsa, ɗaya don auren 'yarsa, bai taɓa kwana a wata ƙasa ba. Yana ɗan shekara goma sha biyar kwale-kwale ya danne masa ƙafar hagu, ana cikin jawo shi tudu. Ƙashin ya haɗe, amma a karkace. Daga ranar teku ta fita daga rabonsa. Sa'o'insa suka zama masunta, shi ya bi awaki, ya kuma gaji aikin ubansa, wato shafa wa duwatsun tudu farar ƙasa.

Tulin duwatsu biyu ne a kan tudun bayan gari, Babba a ƙasa, Ƙarami a sama. Babba ya kai ɗaki girma. Ba wanda ya san wanda ya tara su. Tsofaffi cewa suke mutanen farko ne, tun kafin zuwan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, Allah dai shi ne masani. Amfaninsu a wurinmu ɗaya ne. A gaban gari akwai shingen dutse kwance a ƙarƙashin ruwa, ƙofarsa guda ce, ga ta da ƙunci. Mai dawowa daga kamun kifi sai ya ɗaga kai, ya yi ta karkata hancin jirginsa har ya ga Ƙarami ya hau kan Babba daidai. To ya sami ƙofa. In ya kauce, sai dai a tsinci katako.

Duk shekara, in watannin iska huɗu suka wuce, ba mai tura jirgi ruwa sai Salmin ya gama. Zai tara fararen duwatsun nan da teku ke amayarwa, ya ƙona su a rami kwana biyu, ya jiƙa, ya ɗiba a gwangwani, ya hau tudu yana ɗingishi. Sawu goma sha wani abu yake yi. Hannunsa duk ya tsattsage, matarsa Galiya ta yi ta shafa masa man shanu tana mita. Ba a biyansa. Amma ba a taɓa raba kifi a bakin ruwa an manta da gidansa ba.

Allah ya ba su 'ya'ya huɗu, ya karɓi uku tun suna ƙanana. Sa'ada kaɗai ta rayu, ita ce aka kai Hadibo. Galiya ta rasu da ciwon ƙirji, Allah ya jiƙanta, mace ce mai kawaici, ba ta taɓa hana maƙwabciya gishiri ba. Sa'o'insa kuma, wasu ruwa ya ci, wasu 'ya'yansu suka zo suka kwashe su. Aka wayi gari cikin duk waɗanda suka yi wasan ƙasa tare, saura shi da Abud.

Abud masunci ne, dogo, baƙi, bakinsa ba ya hutawa. Shi ma matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza suna Hadibo. Shi kaɗai yake fita a ɗan kwale-kwalensa. Kullum bayan la'asar za ka same su a inuwar bayan masallaci, Salmin da ƙwaryar nono, Abud da kifi biyu a igiya.

"Gurgu, yau ma ruwan ya fi nonon yawa. Akuyar taka a rijiya take kwana?"

"Kai kuma wannan kifi ne ko jikan kifi? Mayar wa uwarsa, tana can tana nemansa."

"Ka iya ka shiga ka kamo babba mana."

"In na shiga, wa zai nuna maka hanyar gida? Da tuni kana Indiya kana bara."

Haka za su yi ta yi har a kira magariba. Shekara arba'in suna wannan.

To, wata shekara sai ga baƙi su huɗu daga ofishin kula da kayan tarihi. Babbarsu wata yarinya ce 'yar birnin Mukalla can ƙetaren teku, sunanta Arwa, mai ladabi, ba ta wasa da salla. Kwana tara suka yi a kan tudu suna awo da igiya suna ɗaukar hoto. Salmin ne ya yi musu jagora, shi ya yanka musu ɗan akuya, a gidansa suka ci shinkafa. A gefen Babba, inda ruwan sama ya zaizaye, suka ga ƙasusuwan mutane. Ashe kaburbura ne. Salmin ya daɗe yana kallo, ya ce, "Shekara hamsin ina taka mutane ban yi musu sallama ba." Daga ranar in ya hau sai ya yi sallama.

Da shekara ta zagayo Arwa ta dawo da takarda. Aka taru a ƙofar masallaci bayan Juma'a. Ta ce gwamnati ta shigar da duwatsunmu cikin littafin abubuwan da doka ke karewa, za a kafa allo, kuma ana son mai gadi ɗaya daga cikinmu. Kowa ya juya ya kalli Salmin. Wa za a ba in ba shi ba?

Ta ce, "Baffa, bari in karanta maka abin da ke ciki tukuna, sannan ka dangwala yatsa."

A wurinmu kuwa, wanda ya ci abincinka ba ka barinsa ya tsaya a gaban jama'a yana lissafa maka sharuɗɗa. Kamar ka ce masa ba ka yarda da shi ba ne. Sannan yatsa a takarda ba a bakin komai yake ba. Magana ba ta ƙulluwa sai an ɗora hannu a kan Alƙur'ani a ƙofar masallaci, haka ake yi ko rabon rijiya ne ko iyakar kiwo. Kuma shi a ransa, me za a rubuta a takardar nan wanda ubansa bai koya masa ba?

Ya ce, "'Yata, kin ci gishirina. Ba sai kin karanta ba. Liman, miƙo Littafin."

"Baffa, ba a bukatar rantsuwa. Yatsa kawai ya isa."

"A garinku."

Mutane suka yi dariya. Liman Ubaid ya fito da Alƙur'ani. Salmin da alwalarsa, ya ɗora hannu, ya ce duk abin da ke cikin takardar nan ya ɗauka, ba zai saɓa ba, ba zai bari a saɓa ba, muddin yana numfashi. Aka shafa fatiha.

Sannan ta karanta wa jama'a, don dole kowa ya ji. Ba a haƙa rami, ba a gini, ba a kafa komai, taku ɗari biyu ta kowane gefe. Ba a ɗaukar dutse, ba a ƙara dutse, ba a ɗora komai a kansu. Ba a shafa musu fenti ko farar ƙasa.

Ita kanta sai da ta sauke takardar. Ta ce a ƙarƙashin farar ƙasar akwai zane-zane da mutanen farko suka sassaƙa, kuma duk shafawa ɗaya tana cin dutsen kaɗan, in aka ci gaba wata rana ba za a ga komai ba. Ta ce ta san amfanin alamar, ta riga ta rubuta a kawo sandunan ƙarfe masu launi a kafa a bakin ruwa. Gaskiya ta faɗa, ta rubuta. Amma tsakanin rubutawa da kawowa akwai ofisoshi da yawa da teku mai faɗi.

Abud ne ya fara magana. "To madalla. An naɗa gurgu sarkin hana kansa aiki."

Aka sake dariya. Salmin ma ya yi, don kada baƙuwa ta ji kunya.

Abin da ya fi yi masa ciwo, ba wanda ya tayar da hankali. Samari tuni suna da na'urar nan a waya, ita ke nuna musu ƙofa ko a cikin hazo. Sun daina ɗaga kai tun da daɗewa, shi ne bai lura ba. Iska ta wuce a shekarar, jirage suka shiga ruwa, ba wanda ya jira shi. Ya tsaya a kan tudu da hannu biyu lafiyayyu, yana kallonsu suna fita.

Shekarar farko duwatsun suna nan da haskensu. Ta biyu suka koma kamar tsohon zane da ya sha wanki. Ta uku suka saje da tudun.

Mutum ɗaya ne abin ya shafa. Abud bai iya na'ura ba, ko ya iya ma idonsa ya fara yana, ɗan rubutun nan ba ya ganuwa gare shi. Fari babba a kan tudu shi yake iya gani. An ce masa ya riƙa jiran samari ya biyo bayansu.

"Ni? In bi bayan yaron da na ci naman sunansa? Ku ma dai."

Salmin ya gwada abin da zai iya. Ya sa farar riga ya tsaya kusa da Ƙarami a lokacin da Abud ke dawowa. Amma alama sai biyu, mutum ɗaya ba ya zama layi. Ya ɗaure farar akuya a wajen Babba, ta cinye igiyar ta gangara gida. Mu mata muka yi karɓa-karɓa na mako guda, wannan ta tsaya yau da farin mayafi, waccan gobe. Sai ga tukunya, ga yara, ga ruwa, aka watse, Allah ya yafe mana. Abud ya ce ma kada a wahala.

"Daga teku mutum ai allura ce. Ni ban ga kowa ba. Na dai ji warin akuya, na san kana nan."

Da ƙwaƙwalwa ya ci gaba da shiga, yana sauraron yadda ruwa ke karyewa a kan dutse. Ya yi wata biyar a haka. Ran nan da rana tsaka, ruwa ya kwanta luf, babu ƙarar da zai bi, ya kauce da kamu uku ko huɗu. Salmin yana sama yana gani. Ya ɗaga hannu, ya yi kira, muryarsa ba ta kai ko rabin tudu ba. Kwale-kwalen ya hau dutse ya tsage. Samari suka tsamo Abud, ƙaurinsa a yanke, ya sha ruwa, amma da ransa, alhamdu lillahi.

A jirgin ƙarshe kafin iska Fahad, babban ɗan Abud, ya iso. Ya ce tafiya zai yi da shi. Abud ya ce sai dai a ɗauki gawarsa. Suka yi ta yi, har liman ya shiga tsakani. Aka tsaya a kan cewa in iska ta wuce Fahad zai dawo, ya fita da ubansa bayan shinge. In Abud ya nuna ƙofa da idonsa, a gyara masa jirgi a bar shi. In bai nuna ba, ya haɗa kayansa.

Wata huɗu ke nan a hannun Salmin, kuma kowa ya san abin da ake jira.

A watannin iska ba inda ake zuwa. Yashi a cikin abinci, yashi a cikin ido, ƙofofi a rufe. Su biyun suka koma zama a cikin zauren masallaci. Abin mamaki, Abud da bai taɓa riƙe magana a ciki ba, ko sau ɗaya bai ce masa ka shafa ba. Zai zagi ƙafarsa, ya zagi awakinsa, amma duwatsu bai ambata ba. Wannan shirun ya fi zagin nauyi.

Salmin ya sami liman bayan asuba.

Liman Ubaid ya ce, "Baban Sa'ada, addini bai ƙuntata maka ba. Wanda ya yi rantsuwa ya ga abin da ya fi ta alheri, sai ya yi kaffara. Ka ciyar da miskinai goma. In ba hali, azumi uku."

"Wannan tsakanina da Allah ne, Liman. Ita Arwa fa? Azumi nawa ake yi wa wanda ya yarda da kai?"

"Sai ka tambaye ta."

A kan tudu ne kaɗai waya ke kamawa, shi ma ba kullum ba. Ranar da iska ta ɗan lafa aka kira masa ita. Ya faɗa mata komai.

Ta ce, "Baffa, maganar sandunan tana nan, ban bari ba, amma ba bana ba. Ni ba ni da ikon ba ka izini. In ka shafa, ina nan Mukalla, ba zan gani ba sai an daɗe. Amma in tambayata kake yi, ba zan iya ce maka e ba."

Ya ce, "Na ji. Ki gaida mahaifiyarki."

Da iska ta fara sauka, aka ga hayaƙi yana tashi daga tsohon raminsa. Kwana biyu yana ci. Mu mata a bakin rijiya sai kallon juna muke. Rana ta uku da hantsi ya ɗauki gwangwani biyu ya hau.

Ya yi sallama kamar yadda ya saba, ya ajiye gwangwanayen a gindin Babba, ya zauna ya huta. Ya tsoma tsumma, ya miƙe. A daidai inda ubansa ya koya masa farawa, tsohuwar farar ƙasar ta ɓare gaba ɗaya, dutsen ya fito tsirara. Sai ya ga sawun ƙafa a sassaƙe. Ƙarama ce, ba ta kai tafin hannunsa ba, da 'yan yatsunta biyar. Ta ɗaya gefen har ta fara shafewa. Shekara hamsin yana rufe wurin nan bai san da ita ba.

Ya tsaya da tsumman yana ɗiga masa a ƙafa. Nasa 'ya'yan uku suna maƙabartar gari, ya san wurin kowanne, amma in ya mutu ba wanda zai sani. Shi wannan yaron kuwa, ubansa, ko wane ne shi, ya zauna ya ɓata kwanaki yana sassaƙa dutse don kada a manta. Ga hannun da ya ɗora a kan Littafin Allah, shi ne riƙe da tsumman. Ga kuma Abud a ƙasa, zaune a bakin ruwa, ya juyo da fuska wajen tudu yana jiran ya ga fari.

Har aka kira azahar yana wurin. Sannan ya ɗauki gwangwanayensa cike kamar yadda ya hau da su, ya sauko. Saukowa da kaya ta fi hawa wuya ga mai ƙafa irin tasa, sau biyu yana faɗuwa. Don kada farar ƙasar ta lalace, washegari ya shafe bangon masallaci da ita.

Abud ya zo ya tsaya, ya daɗe yana kallon bangon.

"Ya yi kyau. Wannan kam ina ganinsa sarai. Sai dai ba ta nan ƙofar take ba."



Fahad ya zo a jirgin farko. Ya fita da ubansa bayan shinge, duk gari yana bakin ruwa. An ce Abud ya daɗe yana duban tudu da hannu a goshi. Da ya so, da ya yi cinke, don ya san wajen da ƙofar take da ka, wataƙila ma ya dace. Amma ya ce, "Ban ga komai ba. Mu koma in ɗauki tabarmata."

Kayansa ba su wuce ƙulli biyu ba. Ragarsa ya ba samari. A bakin ruwa Salmin ya riƙe masa hannu, ya kasa saki.

"Ka yafe mini, Baban Fahad."

"Me ka ci nawa? Da ka shafa, da na raina ka har in mutu. Ba ka shafa ba, ga shi na tafi. Kai dai ba ka da sa'a, gurgu."

"Ka riƙa shan magani."

"Ka riƙa wanka."

Aka ɗora shi a jirgi. Fahad ya duba wayarsa, ya saita hanci, suka fita.

Sau biyu aka haɗa Salmin da Abud a waya bayan nan. Duk biyun gaisuwa kawai suka yi, ya jiki, ya iska, ya awaki, sai shiru, sai ɗayansu ya ce to madalla. Sun saba magana kafaɗa da kafaɗa suna kallon ruwa, wannan abin da ake karawa a kunne bai karɓe su ba. Abud ya yi shekara ɗaya da rabi a Hadibo, a wani ɗaki da tagarsa ke kallon titi. Can ya rasu, can aka binne shi, Allah ya haskaka kabarinsa. Labarin bai iso mu ba sai bayan kwana shida. Aka yi masa salla a nan, sahu ɗaya bai cika ba.

Bara Sa'ada ta zo da mijinta, ta ce ubanta ya tsufa, ya bi ta. Ta yi kuka, ta kai ƙara wajen liman. Salmin ya ce mata ba ƙin ta yake yi ba, amma shi da ya rantse bai sa wa'adi ba, muddin yana numfashi ya ce, kuma gaban mutane ya faɗa. Ta bar masa buhun shinkafa da bargo, ta koma.

Yana nan. Allon gwamnati rana ta cinye rabin rubutunsa. A shekara shida baƙi sau uku suka zo ganin duwatsun, su ma ba su kai azahar ba. Kullum da hantsi yana hawa, yanzu sai ya huta sau huɗu kafin ya kai. Ya kori awaki daga kan kaburburan, har da nasa, ya tsince ƙaya, ya zauna. In jirage suna shigowa yana ƙirga su da ido har na ƙarshe ya wuce ƙofa, sannan ya sauko.

Allah ya karɓa masa, ya sa amanar da ya riƙe ta tsaya masa ranar da kowa zai tashi shi kaɗai. Mu kuma ya sa mu cika da imani.